Tambaya da Amsa: Yarona ya yi mini tonon silili a Facebook, mi ya kamata in yi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonni huɗu na ɗauko kuma duk magana guda ce ta haɗa su, wato ma'aikaci ya ɗauki waya ya faɗa wa duniya halin gidan da shike aiki. Kamar yadda munka saba na cire sunan kowa da sunan wurin sana'arshi.

Tambaya ta farko

Malam barka da aiki. Ni ina da gidan burodi nan cikin garin Maradi, yara 14 ke aiki wurina. Satin da ya wuce wani ya shiga wani gurup na Facebook na mutanen garin nan da sunan ƙarya babu ko hoto, ya rubuta wai ina riƙe ma yara albashi wata biyu, wai suna kama aiki ƙarhe biyu na dare har azahar babu ranar hutu, wai duk wanda ya yi magana sai in ce mishi ƙofa a buɗe take. Mutane sunka yi ca a kaina, wanda bai taɓa ganina ba ma shina zagina, surukina daga Yamai ya turo mini hoton rubutun, ko masallaci na je sai in ga kamar ana kallona. Malam gaskiya albashi ya yi jinkiri amma kai ma ka san kuɗɗin fulawa da gazuwal, kuma yaran nan ni ke ba su abinci, guda ma ni na yi mishi kayan aure. Ina zargin mutum uku cikinsu. Babban ɗana ya ce mu kai ƙara komisariya a binciko mai wayar. Mi kake gani?

Wani Alhaji, daga Maradi

Amsa

Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Na san zafin abin, mutum ya shekara da shekaru shina tattalin sunanshi a gari kamar Maradi inda kowa ya san gidan kowa, rana ɗaya a wayi gari ana yawo da shi cikin wayoyi. Amma kafin komi ina roƙonka ka kira ɗanka ka ce ya dakata, kada shi ko abokanshi na fada su shiga ƙarƙashin rubutun nan da sunan kare ka, don duk baƙar maganar da sunka mayar kai za a jingina wa, kuma duk lokacin da anka ƙara magana a ƙasan rubutu Facebook sake tura shi yake gaban wasu sabbin mutane.

Sannan ka sake karanta saƙon da ka aiko mini. Ban ga inda ka ce ƙarya anka yi maka ba. Ka ce albashi ya yi jinkiri, ba ka musa zancen ƙarfe biyun dare ba, ba ka musa zancen rashin hutu ba. Abin da ya fi ci maka rai shi ne an faɗa a bainar jama'a, kuma wannan ciwo ne na gaske ban raina shi ba, sai dai in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Na yarda da kai kasuwa ta yi nauyi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da anka rufe iyakoki, kayan da ke zuwa daga tashar Kwatano ta Gaya sunka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, Najeriya ta yanke kuran na tsawon watanni, duk mai tanda ko firji ya koma kan injin ba da wuta da gazuwal, babu ɗan kasuwar garin nan da bai ji a jikinshi ba. To amma yaron da ke kwaɓa maka fulawa shi ma cikin wannan kasuwar yake sayen tiyar hatsi, mai gidan haya ba ya jiran ka sayar da burodi, in ɗanshi ya kwana da zazzaɓi farmasi ba ta ba da bashi. Kai kana da inda za ka juya, shi albashin nan shi ne gonarshi shi ne rumbunshi. Dokar aiki ta ƙasar nan, wadda anka sa wa hannu 25 ga Satumba 2012, ta ce mai albashin wata a biya shi kada a wuce kwana 8 bayan ƙarshen wata, ta sa awa 40 a sati ga aiki irin naku, abin da ya hau kai awoyin ƙari ne da kuɗinsu daban, kuma dole a ba ma'aikaci hutun awa 24 a kowane sati. Mafi ƙarancin albashi kuma an ɗaga shi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024. Kafin duk wannan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladanshi kafin guminshi ya bushe.

Zancen abinci da kayan aure, Allah ya saka maka da alheri, amma a nan ne nike ganin yawancin iyayen gidanmu ke kuskure don haka bari in ɗan tsaya. Tsarin da munka gada a garin nan na ubangida da yaro ne. Yaro zai zauna wurin Alhaji shekara bakwai ko goma, babu takarda babu albashi tsayayye, ya ci a gidan ya kwana a shago, a aike shi Kano a aike shi Jibiya, ya riƙe sirrin maigida kamar na ubanshi, to amma ya san abin da ke jiranshi a ƙarshe, za a yi mishi aure, a sallame shi da jari, a buɗe mishi shago, har a riƙa ba shi kaya bashi sai ya tsaya da ƙafarshi. Da yawa cikin manyan Alhazan garin nan haka sunka tashi. Shirun yaro a wancan tsarin yana da farashi kuma ana biya. Yanzu abin da ke faruwa, maigida na son biyayya da rufin asiri irin na da, amma sallama da jari ta ɓace, sannan kuma ba ya son tsarin takarda na yanzu mai kwantara da ranar biya da lambar CNSS, asusun fansho na ma'aikata. Yaro ya rasa na da ya rasa na yanzu, ga waya a hannunshi. Alheri kai ke zaɓen ranar da za ka yi shi da wanda za ka yi wa, albashi kuwa bashi ne a wuyanka, ɗaya ba ya biyan ɗaya.

Ni kaina na taɓa aikin lissafi a wani kamfani inda anka riƙe mana albashi wata uku. Wallahi rashin kuɗin bai yi mana ciwo kamar shirun patoro ba, zai shigo ya gaisa ya shige biro kamar babu abin da ke faruwa, babu wanda ya tara mu ya ce ga halin da ake ciki ku yi haƙuri zuwa rana kaza. Da ya yi haka da mun jure. Lokacin babu Facebook, a fada da wajen mai shayi munka riƙa faɗi, kuma duk gari ya ji.

Shi ya sa kalmar da ta fi tsaya mini cikin rubutun yaron ita ce ƙofa a buɗe take. In da gaske haka kake ce musu, ka buɗe musu ƙofar fita ka rufe ta magana, kuma wanda ya rasa inda zai yi magana cikin gida waje zai kai ta. Akwai hadisi ingantacce, wani mutum ya zo yana bin Annabi bashi ya yi mishi magana da kaushi har sahabbai sunka yunƙura, sai ya ce ku ƙyale shi, mai haƙƙi yana da magana. Sannan ya sa anka biya shi da abin da ya fi nashi. Alƙur'ani ma a Suratun Nisa'i aya ta 148 ya ce Allah ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda anka zalunta.

Game da farautar wanda ya rubuta, kada ka fara. Kada ka karɓi wayoyinsu, kada ka ɗauko Alƙur'ani ka ce kowa ya dafa, kada ka sa wani ya riƙa kawo maka rahoton ƴan uwanshi. Mutum uku kake zargi, ke nan ko a lissafinka biyu ba su ji ba ba su gani ba, kuma mai yiwuwa ma ba ya cikin ukun, zai iya zama matar wani ce ko ƙanen wani da ya gaji da ganin ɗan uwanshi na dawowa hannu rabbana. In ka kori mutum kan zargi babu dalili na halal, yana da damar kai ka wurin sufeton aiki, in ba a sasanta ba a wuce kotun ma'aikata.

Komisariya kuma, e doka tana nan. Akwai dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019, a 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, sannan a Yunin 2024 anka maido shi, ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5. Amma ka yi tunani, ranar da kunka tsaya gaban zuju abin da za a fara dubawa shi ne abin da yaron ya faɗa gaskiya ne ko ƙarya, za a ce ina littafin biyan albashi, ina takardun yaran, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ko da ma ka yi nasara, mi mutanen gari za su ce, Alhaji wane ya sa an rufe yaro gidan kaso don ya nemi guminshi. Rubutun da mutum ɗari kaɗan sunka gani sai ya zama labarin da za a yi ta turawa har Damagaram da Katsina. An taɓa yin irin haka a Amurka a 2003, wata shahararriyar mawaƙiya ta kai ƙara a cire hoton gidanta daga intanet, kafin ƙarar sau 6 kacal anka sauke hoton, cikin wata guda bayan ƙarar mutum sama da 420,000 sunka je kallonshi.

Abin da nike ba ka shawara shi ne ka fara da cikin gida. Ka nemo kuɗi ko da za ka sayar da wani abu ne, ka biya ko wata guda cikin biyun, ka tara su duka 14 ka faɗa musu gaskiyar halin da gidan ke ciki da bakinka, ka sa ranar da za ka cika sauran kuma ranar ta zama wadda ka tabbata za ka iya. Ka ce musu ba ka neman wanda ya rubuta kuma babu wanda zai rasa aikinshi a kan wannan. Aikin burodi aikin dare ne kowa ya sani, amma ana iya raba su kashi biyu a yi karɓa-karɓa kowa ya samu kwana guda a sati. Tunda sun haura 10 doka ma ta ce su zaɓi wakilinsu, delege, ka bar su su zaɓa da kansu kada ka naɗa musu ɗan gaban goshinka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Sai bayan ka yi wannan za ka shiga Facebook, da sunanka na gaskiya, sau ɗaya, gajere. Wani abu kamar haka:

"Assalamu alaikum. Ni ne mai gidan burodin da ake magana a kai. Na karanta abin da anka rubuta. Gaskiya ne albashi ya yi jinkiri, kuma haƙƙin yarana ne, na ba su haƙuri. Na zauna da su, na biya wani kashi, sauran mun sa rana. Mun kuma gyara tsarin aiki kowa zai riƙa samun ranar hutu. Ba na neman wanda ya rubuta, in yana da sauran magana ya same ni ko ya faɗa wa wakilinsu. Na gode."

Kada ka sa zancen kayan aure a ciki, gori zai zama. Kada ka rubuta abin da ba ka riga ka yi ba don yaranka 14 duk za su karanta kuma sun san gaskiya. In ka tura ka ajiye wayar, za a samu masu ci gaba da zagi, ba da su kake ba.

Tambaya ta biyu

Salam Malam. Ni mace ce ina da lakwal mai zaman kanta, firamare. Wani mushe, malaminmu, da ya bar mu tsakiyar shekara ya yi bokal na minti shida ya saka a gurup ɗin WhatsApp na iyayen yara. Ya ce ba ni biyan malamai lokacin babban hutu, ya ce ina cire musu kuɗɗin CNSS ba ni kaiwa, sannan abin da ya fi ƙona mini rai ya ce wai muna saida maki ga ɗiyan masu kuɗɗi, wanda Allah shina gani ƙarya ce. Iyaye sai kirana suke. Ni kuma ina da abin faɗi a kanshi, fashin aiki da ya riƙa yi da abansi da ya karɓa bai biya ba ya tafi. In yi nawa bokal ɗin in tona shi?

Hajiya, daga Maradi

Amsa

Hajiya sannu da haƙuri. Naki ya bambanta da na Alhaji don kin san mai maganar kuma akwai ƙazafi mai nauyi a ciki. Duk da haka kada ki tona shi. Fashinshi da bashinshi sirrin aiki ne da ya zo hannunki don kina shugabarshi, in kinka watsa a gurup sauran malamanki za su gane cewa duk ranar da kunka ɓata haka za ki yi musu, iyaye kuma ba tambayarsu ke nan ba. Uban da ya kira ki ba ruwanshi da ko mushe ya ci abansi, so yake ya ji ko makin ɗiyarshi na gaskiya ne.

Abu uku ya faɗa, ɗaya kawai kinka ƙaryata, don haka ki raba su. Na CNSS shi ne na gaggawa. Kuɗin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci ba naki ba ne, ajiya ce da za ki haɗa da kason mai aiki ki kai asusun, da shi ne mutum ke samun fansho da kuɗin iyali da kulawa in ya yi hatsari a bakin aiki. In kina kaiwa, ki je ofishinsu na nan Maradi ki karɓo shaida ki nuna wa malamanki kowa ya ga sunanshi. In kuwa kin cire ba ki kai ba, ko da matsi ne ya sa, ki je da ƙafarki ki nemi yadda za ki biya bashin kafin a zo nemanki, wannan amana ce kuma malamin da ya tsufa ya je neman fansho ya tarar babu komi ba zai yafe ba. Zancen albashin hutu kuma ya danganta da irin kwantarar da kunka yi, matsalar ita ce yawancin lakwal-lakwal ɗinmu da baki ake ɗaukar malami a watan Oktoba, sai Yuli ya zo kowa ya ce ba haka munka yi ba. Daga bana ki rubuta, wata nawa za a biya, nawa ne, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi.

Na sayar da maki, ki kira kwamitin iyaye su zo lakwal, ki buɗe musu takardun jarrabawa da littafin maki, duk uban da ke so ya ga takardar ɗanshi a nuna mishi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Bayan nan ki yi bokal naki, tunda da murya anka yi ɓarnar kuma da yawa cikin iyaye sauraro suke ba karatu ba, amma ki rubuta abin da za ki faɗa tukuna, kada ya wuce minti biyu, kada ki kama sunanshi, kada ki ɗauka ranar da ranki ke ɓace don murya ba ta ɓoye fushi.

Shi kuma ki aika mishi babba wanda yake jin nauyi, limamin unguwarsu ko tsohon diraktan da ya koyar da shi, a zauna. In yana bin ki wani abu ki biya, in kina bin shi a yi lissafi, takardar shaidar aiki kuma ki ba shi, haƙƙinshi ce doka ta wajabta ko da faɗa kunka rabu. Sannan a nemi ya janye zancen maki a gurup ɗin da ya faɗe shi, da muryarshi. In ya ƙi ya ci gaba da yaɗawa, ki adana bokal ɗin da ranar da ya tura ki ga lauya, a wannan gaɓar ban hana ki ba don ƙazafi ne da zai iya rufe miki lakwal. Sai dai ki gama da CNSS kafin ki taka can.

Tambaya ta uku

Malam ni ne jeran na wani masaukin baƙi. Wani da munka sallama ya je Google Maps ya ba mu tauraro ɗaya ya ce ana wulaƙanta ma'aikata. Patoro ya ce in sa duk ma'aikata da ƴan uwansu su shiga su ba mu tauraro biyar-biyar, wani yaro kuma ya ce in anka ba shi jika 50 zai goge. Ya zan yi?

Wani matashi

Amsa

Ƙanena kada ka ba kowa ko dala, babu wani mai waya a gari da ke da ikon goge sharhin wani a Google, wanda ya rubuta ne kawai ko kamfanin. Tara ƴan uwa su ba da tauraro biyar shi ma ka faɗa wa patoro cikin ladabi cewa ya saɓa ƙa'idar Google, suna share irin wannan in sunka gano, kuma baƙon da ya ga wuri ya shekara da sharhi huɗu sai rana ɗaya ashirin sunka sauko duk yabo iri ɗaya zai gane. Ma'aikacin da anka tilasta ya yabi wurin da ranshi bai so, wani sabon mai ƙorafi kunka ƙirƙira.

Akwai hanya ta halal. Ƙa'idar Google ta hana mutum ya yi sharhi kan wurin da yake aiki ko ya taɓa aiki, don an yi wurin ne saboda abokan ciniki, don haka kuna iya kai rahoton sharhin ta shafin kasuwancinku su duba, yana ɗaukar lokaci kuma su ke yanke hukunci. Kafin nan ku ba da amsa a ƙasanshi layi uku, kun gani, kun ɗauki maganar da muhimmanci, ga yadda zai same ku. Ka tuna wanda zai karanta amsar baƙo ne daga Yamai ko Kano da ke neman wurin kwana, ladabinku zai duba. Sannan kai da ke tsakanin patoro da ma'aikata ka bincika a hankali ko akwai mai yi musu tsawa gaban baƙi, ruwa ba ya tsami banza.

Ga masu manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da ke ɗaukar yaran da sunka gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ku sani akwai shafuka da ake yin irin wannan sharhi a kan wurin aiki, irin su Glassdoor da ya fara a Amurka a 2008 da kuma Indeed, ma'aikaci na rubuta albashi da halin shugabanni ba tare da sunanshi ya fito ba, ba a biyan kuɗi a cire sharhi, amma an ba mai kamfani damar amsawa. Masu neman aiki suna dubawa kafin su kai takardunsu.

Tambaya ta huɗu

Baba ni ba mai kamfani ba ce, ina aiki a wani butik. Wata uku ba a biya ni ba sai na rubuta a sitatis ɗina na WhatsApp, cikin hushi har na ce matar ɓarauniya ce. Wata ta ɗauki hoto ta kai mata, yanzu ta ce za ta sa a kama ni. Tsoro nike ji, ban faɗa ma kowa a gida ba.

Wata ɗiyarka

Amsa

Ɗiyata ki kwantar da hankalinki, kuɗinki haƙƙinki ne kuma rubutun da kinka yi bai soke shi ba. Amma kalmar ɓarauniya kuskure ce, ita ce kawai abin da za a iya riƙe ki da shi, don faɗin an riƙe mini albashi wata uku daban, zagi daban. Ki goge in yana nan, kada ki ƙara rubuta komi, kuma yau ɗin nan ki faɗa wa mahaifinki ko wani babba a gidanku, kada ki ɗauki wannan ke kaɗai. Su je tare da ke ki ba ta haƙuri kan zagin, a wurin kuma a yi zancen kuɗinki a sa rana gaban shaidu.

In ta ƙi, ofishin sufeton aiki na jihar Maradi don irinki anka buɗe shi, ba a biyan kuɗi, zai kira ku duka biyu ya nemi sasantawa, kuma rashin kwantara a rubuce ba ya hana a saurare ki. Ki rubuta ranar da kinka fara aiki da nawa kunka yi da ita da watannin da ba a biya ba, ki adana duk saƙon da ta taɓa turo miki na ki yi haƙuri sai wata ya ƙare, da shaidar kuɗin da ta taɓa aiko miki ta waya in akwai, ki tafi da katin ɗan ƙasa da wanda zai raka ki. Ki sake rubuto mini in ji yadda kunka ƙare.